Sauya fuskar mitocin Mazda MX-5 ba tare da rikita allurai ba

Tambaya: Yaya, na sayi Mazda MX-5 ƙirar 1992 da aka shigo da ita daga Amurka. Malejinta da mil yake ƙirga gudu, lambobin kilomita kuwa 'yan mitsi-mitsi ne daga ciki, ga fuskokin mitocin duk sun koɗe. Ina so in sa musu fararen fuskoki masu kilomita. Zan iya yi da kaina ko sai na kai wa mai wayarin? Me zan kiyaye?

Amsa: Ƙanena, za ka iya, muddin kana da haƙuri kuma hannunka ba ya rawa. Kwance sukurori da ɗora sabon faranti aikin yamma guda ne. Inda gizo ke saƙar shi ne allurai biyar ɗin da ke kan mitocin. Fuskar mita faranti ne kawai da aka buga wa lambobi, ba ta san gudun mota ba, ba ta san zafin inji ba. Abin da ke bayanta shi ke juya allura, ita kuma allurar cusa ta aka yi a kan wani siririn ƙarfe zagayayye, babu tsaga, babu alamar da za ta nuna maka yadda take zaune. Da ka zare ta ba ka ajiye shaida ba, shi ke nan, sai dai ka mayar da ita da ka. Na ga motoci da yawa da suka fito daga irin wannan aiki suna ta ƙyalli, amma gejin mai na nuna kwata alhali tanki ya bushe, ko allurar zafi na zaune lafiya a tsakiya inji kuwa yana shirin tafasa. Saboda haka mafi yawan abin da zan gaya maka a kan allurai ne.

Bari mu fara da motar taka, don ba duk MX-5 ne iri ɗaya ba. Mazda ta fito da ita a 1989, a Amurka ana kiranta Miata, a Japan kuma Eunos Roadster. Ƙirar farko, mai fitilun gaba da ke ɗagowa daga cikin bonet, ita ake kira NA, kuma an yi ta har zuwa 1997. Taka ta 1992 tana cikinsu, da inji mai lita 1.6. Akwatin mitocinta na da manya biyu, na juyin inji da maleji, sai ƙanana uku: na man fetur, na zafin ruwa, da na ƙarfin baƙin mai a tsakiya. Abubuwa biyu ne suka bambanta ta da na bayanta, kuma duk sun shafi aikinka. Na farko, malejinta na kebur ne, ana juya shi daga giyabos, ba na lantarki ba irin na ƙirar NB da ta fito a 1998. Na biyu, gejin baƙin manta na gaske ne, yana hawa yana sauka da totur. Daga ƙirar 1995 Mazda ta mayar da shi na ado, in akwai ɗan ƙarfin mai sai allura ta hau ta tsaya wuri ɗaya ko inji na ihu ko yana silo. To in ka sayo fuskar da aka zana wa motocin 1995 zuwa sama, za ka iya samun gejin baƙin mai marar lambobi, ka yi asarar abin da masu waɗancan motocin ke kashe kuɗi su dawo da shi.

Yanzu maganar kilomita. Malejin kebur tsohuwar dabara ce, tun 1902 wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi rajistarta. Kebur na juya maganaɗisu, maganaɗisun na jan wani ɗan kofin alminiyam ba tare da ya taɓa shi ba, sannan wani siririn sifirin mai kamar gashi yana riƙe kofin kada ya yi ta zagayawa. Gwargwadon saurin juyin kebur, gwargwadon nisan da allura za ta karkata. Babu wani abu a nan da ya san mil ko kilomita. Ke nan in ka sauya fuska, allura za ta ci gaba da zuwa inda take zuwa da, lambar da ke ƙarƙashinta ce kawai ta sauya. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Malejin Amurka ya tsaya a mil 140, don haka a sabuwar fuska dole wurin ya zama wajen kilomita 225. Inda 62 take a tsohuwar fuska nan 100 za ta zauna a sabuwa, inda 50 take nan 80 za ta zauna. Kafin ka biya kuɗi, ka ɗora hoton sabuwar a gefen tsohuwar ka duba waɗannan wurare uku. In ba su yi daidai ba, fuskar ba ta motarka ba ce, komai kyanta.

Tarkon da mutane ke faɗawa shi ne fuskar motocin Japan. Malejin Eunos a kilomita yake, girman farantin ɗaya ne, ramukan sukurori ma sun hau daidai, amma a 180 ya ƙare, domin haka motocin kasuwar cikin Japan suke a wancan zamani. In ka ɗora ta a kan injin malejin Amurka, duk lambar da allura ta nuna maka ƙasa take da gudun da kake yi. Kana ganin 80, mota tana wajen 100. Ɓata irin wannan ita ce mafi muni, shi ya sa ƙa'idar da Turai ke bi ta hana maleji nuna ƙasa da gudun gaskiya ko kaɗan, amma ta yarda ya ɗara da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa lokacin saiti.

Sai abin da mai sayar da fuska ba lalle ya gaya maka ba. Ƙananan lambobin da ke ƙirga nisan tafiya giyoyi ne ke juya su daga kebur ɗin nan, kuma mil za su ci gaba da ƙirgawa ko da an rubuta kilomita a fuska da manyan baƙi. In ka manta, za ka riƙa juye baƙin mai a kilomita 8,000 kana zaton 5,000 ce, lissafin shan man motar ma duk zai rikice maka. Ka nemi fuskar da aka bar kalmar mil a ƙarƙashin tagar ƙirgen, ko ka rubuta ka ajiye cikin takardun mota. Su lambobin kuma kada ka taɓa su ko da wasa. Ranar da za ka sayar da motar ka gaya wa mai saye gaskiya: gudu a kilomita, nisa a mil. In kuwa kana son komai ya koma kilomita, hanyar ita ce ka nemo cikakken akwatin mitoci na motar da aka sayar a Kanada ko Jamus, ka rubuta abin da tsohon ya nuna ranar da ka cire shi, sannan ka gwada sabon a hanya kafin ka amince da shi.

Fuskokin da ke kasuwa kashi uku ne. Akwai cikakkun faranti na roba mai tauri da ake cire na asali a sa su a madadinsu, an buga su hawa-hawa yadda haske zai fito ta cikin lambobi kawai, sauran wurin ya toshe. Irin waɗannan ne RevLimiter ke yi a Amurka don Miata, Lockwood kuma a Ingila sun daɗe suna buga fuskokin sauya ma'auni saboda motocin Japan da ake kai musu. Su nake ba ka shawara. Akwai kuma sitika da ake mannawa a kan tsohuwar fuska. Mai rahusa ce, ba ta kuma daɗewa. Gaban motar da ta wuni a rana zafinsa na iya wuce digiri 70, gam ya saki, gefen sitika ya tashi ya kama allura, ka ga maleji ya maƙale a 60 kana tsaye a danja. Wanda za a kai wa masu buga fosta su kwaikwayo a takarda mai sheƙi kuwa, kada ma ka soma. Da rana zai yi kyau, da dare haske ya huda ko'ina, fuskar ta zama dabbare-dabbare. Kashi na uku su ne masu walƙiyar shuɗi ko kore da aka yi yayinsu shekarun baya, masu ɗan akwatin lantarki nasu na daban. Akwatin yana tsiwa kamar sauro a kunne, hasken na dusashewa da tsufa, ga ƙarin wayoyi da za a yanka a haɗa a bayan dashbod. Mota mai shekara sama da talatin ba ta buƙatar ƙarin wayar da za ta zame mata ciwo.

Game da fari, ra'ayina ne zan faɗa, kai ke da mota. Ita kanta Mazda ta sa fararen fuskoki a ƙirar 2001, kuma sun yi kyau, don an tsara allurai da hasken dare tare da su. A taka, alluran farare ne. Fari a kan fari ba ya ganuwa, sai ka yi musu fenti ja ko ruwan lemo. Fenti kuma nauyi ne, allurar maleji an daidaita ta da wani ɗan nauyi a gindinta, in ka lafta mata fenti mai kauri sai ta riƙa ƙarya a wani sashe na fuska ta yi gaskiya a wani. Shafa ɗaya siririya ta isa. Sannan motar nan buɗaɗɗiya ce. In ka sauke rufi rana ta bugi farar fuska, ƙyallin yana dawowa ido, kuma akwai wani lokaci da almuru da farin ya yi toka-toka lambobi ba su gama haske ba, sai ka ƙura ido kafin ka karanta. Ni da tawa ce, baƙa marar sheƙi zan sa da fararen lambobi manya. Kafin ma ka yi oda, leƙa da tocila ka tabbatar fuskar ce ta koɗe. Sau da yawa gilashin gaba ne ya yi hazo, ko ƙwai biyu sun mutu a baya.

Za ka ga wasu fuskokin an juya su, sifilin juyin inji ya koma can ƙasa daidai inda ƙarfe shida take a agogo, jan layi na wajen 7000 ya hau sama. Wannan ba ya ɓata komai, tun da tazarar da ke tsakanin lambobi ba ta sauya ba, allurar kawai za a dasa a sabon wuri. Sai dai hotunan da za ka ɗauka na tsohon wurin allura ba za su yi maka aiki da ido ba, sai da lamba.

Aiki na farawa tun ba ka ɗauki sukundireba ba. Je gidan mai ka cika tanki har bakin famfo ya katse da kansa, ka zaga da motar minti ashirin inji ya yi zafinsa na ƙa'ida, ka dawo ka ajiye ta a wuri mai daidai, ba gangara ba. Kashe fitilu da iyakwandishan, bar ta a silo. Sai ka ɗauki hoton kowace mita ita kaɗai, wayarka na fuskantar ta kai tsaye, domin in ka ɗauka daga gefe allura za ta yi kamar ta matsa. Ka kashe inji ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka sake ɗauka. Ka zare makulli, ka sake ɗauka. Waɗannan hotuna su ne shaidarka. Wani abu kuma da ya shafe mu nan gida: in wani bakanike ya riga ya cire wa motar tamostat, wato abin da ke riƙe zafin ruwan inji a mizani ɗaya, kamar yadda aka saba yi wai don ƙasarmu da zafi, allurar zafi ba za ta tsaya wuri ɗaya ba, za ta yi ta sauka a hanya tana hawa a cunkoso. Mayar da tamostat tukuna, in ba haka ba babu tsayayyen wurin da za ka yi saiti da shi.

Batirin motar nan a but yake, can baya. Cire kan waya marar wuta, wato mai alamar (-), ka ɗan jira, don motocin Amurka na wannan ƙira suna da jakar iska a sitiyari, ba kuma sai ka cire sitiyarin ba. Kwance murfin robar da ya rufe wuyan sitiyari, za ka ga sukurori biyu da ke riƙe rumfar mitoci daga ƙasa. Bayan su, maƙalai uku ne na ƙarfe ke riƙe ta daga sama. Nan ne wurin da ya fi kowane ɓarna a motocin NA. Robar ta sha rana shekara da shekaru ta bushe, in ka ɗaga ta sama ko ka lanƙwasa, sai ka ji ƙas. Kama ta da hannu biyu daga gefe da gefe, ka jawo ta zuwa ƙirjinka a miƙe, ja ɗaya mai ƙarfi. Gara ka yi da rana roba ta ɗumama da ka yi da sanyin asubar hunturu. Sai sukurori huɗu na akwatin. Jawo shi kaɗan, zura hannu ta baya ka lalubo kan kebur ɗin maleji, ka danna harshensa ka zare, sannan soket ɗin wayoyi. In kebur ya ƙi ba ka sarari, saki shi daga maƙalinsa ta cikin bonet, kada ka finciko.

Kai akwatin ɗaki, kan tebur mai tsabta, nesa da taga in lokacin ƙura ne. Wanke hannu, in da safar roba ka sa. Fuskar mita marar sheƙi in maiƙon yatsa ya hau ta da wuya ya fita, in ka goge kuma wurin ya yi santsi ya riƙa ƙyalli. Fetur, tina, sifirit, ko ɗaya kada ya kusance ta. Gilashin gaba harsunan roba ne ke riƙe shi zagaye, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka lura da sandar goge ƙirgen tafiya da ta ratso ta cikinsa.

Kafin ka zare allurar maleji, dubi ɗan turken da take kwanciya a kansa wajen sifili. Ba don kanta ta tsaya a nan ba, sifirin ɗin nan yana ɗan danna ta a jikin turken. Sa yatsa a hankali ka ɗaga bakinta ta tsallake turken, ka sake ta. Za ta ɗan zarce ƙasa ta yi lilo ta tsaya. Wannan wurin da ta tsaya da kanta shi ne sifilinta na gaskiya. Manna ɗan salatif na takarda a bakin akwatin, ba a kan fuska ba tun da fuskar tafiya za ta yi, ka ja layi da biro daidai tsinin allura. Ɗan ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, ka ga ko ta koma kan layin. Ka yi haka akwatin na tsaye kamar yadda yake a mota, ba a kwance ba. Wanda ya tsallake wannan mataki ya mayar da allura daidai kan sifili, malejinsa zai riƙa ɗara gudun gaskiya tun daga tashi har ƙurewa. Sauran alluran ma ka yi musu alama a salatif, ko da yake su da wuta za a saita su.

Zarewa kuma, ana yi da cokali mai yatsu ko ƙananan cokulan shayi biyu. Shimfiɗa ɗan kwali a kan fuska, zura cokulan ƙarƙashin gindin allura daga ɓangarori biyu, ka danna su tare yadda za ta taso a miƙe. Kada ka kama tsinin ka ja, kada ka murɗa, musamman ta maleji, don murɗawa na miƙar da sifirin, shi kuwa in ya miƙe ba ya komawa. In ka ga siririn ƙarfen na biyo allura yana fitowa, tsaya nan take. Ka rufa tafin hannu a sama, domin in ta saki tsalle take yi, kuma nemanta a ƙarƙashin kujera ba daɗi. Manyan biyun sun yi kama, ka ajiye kowace da sunanta.

Kowace fuska ƙananan sukurori biyu ne ke riƙe ta. Yi amfani da sukundireban masu gyaran agogo wanda ya zauna daram, ka riƙe bakinsa da yatsu don kada ya zame ya ja maka layi a sabuwar fuska. In turakun allura ba su zo da sabbin ba, ka ciro na tsohuwar. Wajen ɗaurewa, da sukuru ya taɓa fuska ka tsaya. In ka matse, robar na yin ƙwarmi zagaye da shi, zafi ya zo ya kumbura tsakiya. Ka kuma haska tocila ta baya ka tabbatar kowace tagar gargaɗi da ke tsohuwar tana nan a sabuwar.

Tun da akwatin na hannunka, sauya ƙwayayen hasken baya gaba ɗaya. Na asali suna sanye da 'yar hular roba kore, ita ke ba da koren hasken nan, in kana son launin da mai fuskar ya tsara sai ka bi abin da ya ce game da hular. Mutane na son ƙwan LED. Yana da haske, ba ya zafi, amma yana da kai da gindi, in ka juya shi ba zai kama ba, mai arha kuma yana tara haske wuri ɗaya, sannan maɓallin rage haske ba ya jin maganarsa sosai. Ɗaya dai kada ka taɓa: ƙwan fitilar caji mai hoton batir. A motocin wancan zamani ta cikinsa ne 'yar wutar da ke tayar da altaneta ke bi, in ka sa LED za ka iya wayar gari batir ba ya caji kana zargin altaneta.

Yanzu mayar da akwatin mota ba gilashi, ba allurai in ban da ta maleji, wadda za ka dasa a kan layin salatif ɗinka sannan ka ɗaga ta ta dawo saman turke. Haɗa soket duka da kebur kafin ka haɗa batir. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ɗan jira, ka ɗora allurar juyin inji a kan sifili, ɗorawa kawai, ba dannawa ba. Tayar da inji ka bar shi ya yi zafi har fanka ta kama ta tsaya. Silon wannan inji 850 ne, da ragi ko ƙarin 50. Motar 1992 ba ta da soket ɗin kwamfutar da ake karanta motocin 1996 zuwa sama da shi, amma akwai ɗan akwatin gwaji a cikin bonet inda mai wayarin zai iya maƙala mitar hannu ya karanta juyin gaskiya. In ba ka da ita, hotonka ya isa a fara.

Gejin fetur sai ka yi masa haƙuri. An cika cikinsa da wani mai mai kauri don kada allura ta riƙa rawa in fetur na kaɗawa a kwana, saboda haka a hankali yake tafiya. Bar shi da wuta kamar minti biyar kafin ka ɗora allura a inda hoto ya nuna. In za ka kuskure, ka kuskure ta ɓangaren ƙasa, ya nuna maka man bai kai yadda yake ba. Tankin lita 45 ne kacal, motar kuma ba ta da fitilar da ke gargaɗin ƙarewar mai, allurar nan ita kaɗai ce mai gaya maka.

Na zafin ruwa shi ne mai haɗari. Da gangan aka yi shi yadda in inji ya kai zafinsa allura za ta kafe ɗan ƙasa da tsakiya, ta ƙi motsi ko zafin ya ƙaru da digiri da yawa, don kada direba ya riƙa tsorata. Lokacin da za ta soma hawa, abu ya riga ya yi nisa. In ka dasa ta ƙasa da inda take, ka cinye ɗan lokacin da ya rage maka ka tsaya kafin gasket ya ƙone. Bi hoton nan sau da ƙafa. Na baƙin mai kuma ka saita shi a silo inji da zafi, ka ɗan taka totur ka ga ya hau, ka saki ya sauko, ka kashe inji ya koma sifili.

Sai gwajin hanya, har yanzu ba gilashi. Ɗauki wani ya zauna gefe da wayar da ke nuna gudu ta GPS, kai idonka na kan titi. Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka riƙe 40, sannan 60, sannan 100, kowanne na ɗan lokaci don wayar tana jinkiri. In maleji ya ɗara da yawa iri ɗaya a ko'ina, allura ce ta zauna a karkace, tsaya a gefe ka zare ka gyara. In kuwa ɓatan na ƙaruwa da gudu, kaɗan a 40, da yawa a 100, ba laifin allura ba ne, ko fuskar ba ta dace ba ko taya. Tayar asali 185/60 ce a kan rim 14, tsayinta wajen milimita 578. Mai 195/50 a rim 15 kusan ɗaya suke, amma in an sa mata wadda ta fi tsayi saboda ramuka, maleji zai nuna ƙasa da gaskiya. Ka bar shi yana ɗarawa da kilomita biyu zuwa huɗu a 100, kada ka bari ya gaza.

Da wannan tafiyar za ka gwada mitar juyin inji kyauta. In motar mai giyar hannu ce, a giya ta huɗu juyin inji da na sandar da ke kai juyi ƙafafun baya ɗaya ne, giyar ƙafar baya ta motar lita 1.6 kuma 4.3 ce, wato sandar na juyi 4.3 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da tayar asali, juyi 3000 a giya ta huɗu na ba da wajen kilomita 75 a awa. In wayar ta nuna haka allura na kan 3000, ka dace. In allurar maleji na rawa a ƙaramin gudu, kebur ne ya bushe ko ya lanƙwashe wajen mayarwa. Zaro cikinsa ka shafa masa giris kaɗan, ka bar ƙarshen sama a bushe don kada giris ya hau cikin maleji.

In komai ya zauna, sai ka danna kowace allura ta shige, amma ka bar tazara tsakaninta da fuska yadda katin banki zai iya shiga. Tura kowace da yatsa a hankali ka ga ba ta gogar komai. Gilashin ka wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ka bar shi ya bushe da kansa, busasshen tsumma na yi masa zane. Hura ƙura, rufe, jira dare ka duba haske kafin ka mayar da rumfa, don ba ka son cire ta sau biyu.

In wani mai sabuwar mota ya ga taka ya ce ka yi masa, ka sani tsarin ya bambanta. Nasu ƙananan motocin lantarki ne ke juya allura taki-taki, suna da matsaya a ciki, kwamfuta ce ke mayar da su sifili duk lokacin da aka kunna, saiti kuma da na'urar karanta mota ake yi. A taka, wurin da zan ce ka kira mai wayarin shi ne in siririn ƙarfe ya biyo allura, ko ka tarar da lallausan allon wayoyin da ke bayan akwatin ya yage, ko an taɓa yanke-yanke a soket. Shi ma ka kai masa hotunan da salatif ɗin yana manne, ka kuma tsaya a kansa har ya gama saita allurar zafi. Tsofaffin fuskokin ka sa kowace cikin takarda ka adana su a kwance, masu sayen NA da yawa na tambayar kayan asali kuma suna biya a kansu.